Neman Tarihin Karatun Mahaifi ko Kaka: Ofishin Jami'a, Akayib na Kaduna, Intanet, ko Bakin Dattawa?

A 'yan shekarun nan gidaje da dama a Jos sun shiga neman tarihin iyayensu da suka yi boko tun da wuri. Wasu 'ya'ya ne ke son fitar da ɗan littafi a kan mahaifinsu bayan Allah ya yi masa rasuwa. Wasu jikoki ne da suka tashi suna ganin hoton kaka da rigar digiri a bangon falo, amma ba mai iya gaya musu wace jami'a ce, wace shekara ce. Ga kuma ɗaliban tarihi da aka ba su aikin rubuta rayuwar wani malami ko ma'aikacin En'e. Dukkansu a wuri ɗaya suke cijewa: ina za a dosa da farko? Aljihu ba ya ɗaukar a bi kowace hanya, hutun aiki ma ba ya kaiwa.

Hanyoyin da ke gaban mutum biyar ne: ofishin magatakardar jami'a, littattafan da jami'ar ta buga da kanta, gidajen adana takardun tarihi na Kaduna (Akayib da Arewa House), rajistocin ƙasashen waje da ke intanet, sai kuma abokan karatun mamacin da akwatin da ya bari a gida.

Abin da za a auna kowace hanya da shi

Na farko, me takardar za ta faɗa maka? Shaidar cewa wane ya yi karatu a wuri kaza a shekara kaza daban, bayanin ko ɗan wane ne, daga wane gari, daban. Mai neman nasaba na biyun yake so. Na biyu kuɗi, kuma ba na takarda kaɗai ba: har da mota, masauki, fotokwafi, da kwanakin da aka bar kasuwa ko ofis. Na uku sauƙi, wato wa aka yarda ya gani, kuma jiran na kwana nawa ne. Na huɗu ɗorewa: shin abin zai jira ka zuwa baɗi, ko gara da gobara da ajali za su riga ka? Na biyar haɗari, kuma babbansa shi ne ka ɗauko tarihin wani mutum ka liƙa wa naka.

Wannan na ƙarshen yana buƙatar a tsaya a kansa, domin duk hanyoyin biyar ya shafa.

Makarantun Arewa na farko ba da sunan uba suke rubuta yara ba, yawanci da sunan gari ne. Sardauna a Kwalejin Katsina Ahmadu Rabah ne, mai lamba 87, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma yana da lamba 145. Haka Aminu Kano, Isa Kaita da Shehu Shagari duk sunan garinsu ya bi su har ƙarshen rayuwa. A Jos abin ya fi rikitarwa, domin iyaye da yawa haƙar kuza ce ko fatauci ya kawo su. Yaron da aka haifa a Gangare ko Dilimi yana iya fitowa a rajistar elemantare da "Jos", a Midil da "Kano" saboda can ne asalin uban, a jami'a kuma ya koma amfani da sunan mahaifinsa. Mutum ɗaya, suna uku. Sai ka haɗa da yadda kowane akawu ke rubuta suna yadda kunnensa ya ji: Muhammadu, Mohammed, Mamman, Abubakar, Garba, Bukar, Habu, Usman, Usuman, Shehu.

Akwai kuma abin da dattawa suka sani sarai: a zamanin da ake gudun boko, an sha tura ɗan riƙo ko ɗan bara makaranta da sunan maigida. Saboda haka sunan da ka gani a gurbin uba yana iya zama na marikin yaro ne. Shekarar haihuwa ma kada ka riƙe ta da ƙarfi. Yara da yawa da ƙiyasi aka ɗauke su, a ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, daga baya ya je kotu ya yi takardar rantsuwa da ranar da ta dace da aiki. Takardar makaranta tana da ƙarfi a kan shekarar shiga da ta fita. A kan nasaba da haihuwa kuwa sai an nemo mata mai tabbatarwa.

Ofishin magatakardar jami'a

Nan ne kowa ke fara tunani, kuma da dalili. Fayil ɗin ɗalibi, idan yana nan, shi ne mafi cika: fom ɗin shiga da rubutun hannunsa, ƙaramin hoto, sunan uba ko mariƙi, lardi ko ƙaramar hukuma, makarantun da ya yi a baya, da wanda ya ɗauki nauyin karatun. Ba wata hanya da ke tara waɗannan a wuri ɗaya, kuma takardar da ta fito daga nan da hatimi ba mai musa ta.

Amma kafin ka hau mota, tabbatar wace jami'a ce ta ba da digirin, don ba kullum ba ne wadda mutum ya zauna a cikinta. Jami'ar Jos ta fara ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, sai 1975 ta tsaya da ƙafarta, don haka wanda ya shiga a waɗancan shekaru kada ka yi mamaki idan aka tura ka Ibadan. Ita kanta Ibadan daga 1948 zuwa 1962 digirin Jami'ar Landan take bayarwa. Wanda ya ce ya gama "Bayero" a 1970 digirin ABU ne a hannunsa, domin Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Zariya take, ba ta zama jami'a mai cin gashin kanta ba sai 1977. Daga 1984 zuwa 1988 kuma jami'ar Bauchi tana ƙarƙashin ABU, ta Makurdi tana ƙarƙashin Jos, ta Yola tana ƙarƙashin Maiduguri. Rashin sanin wannan kaɗai yana sa mutum ya yi tafiyar banza.

Ta fuskar sauƙi, wannan ce hanya mafi tsauri. An tsara ofishin ne don mai takarda ya nemi tiranskirif ɗinsa, wato takardar sakamakon darussan da ya yi, a aika wata makaranta ko wurin aiki, ba don jika ya zo neman tarihin kaka ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma, a sashe na 14, ta keɓe bayanan sirri na ɗalibai daga abin da za a saki haka kawai, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Idan mai takardar yana raye, shi ya kamata ya sa hannu. Idan ya rasu, rubuta wa magatakarda wasiƙa, ka haɗa da takardar shaidar rasuwa, katin shaidarka, da abin da ke nuna dangantakarku. Ka roƙi abin da za a iya ba ka cikin sauƙi, kamar wasiƙar tabbatar da shekarar shiga, tsangaya da digiri, maimakon ka ce a ba ka fayil gaba ɗaya.

Ba tare da lambar rajistar ɗalibin ba, ma'aikacin da zai shiga ɗakin ajiya yana neman suna ne cikin dubbai. Da lamba da shekara aiki yana raguwa ƙwarai. Shi ya sa a ganina wannan ofis bai kamata ya zama zangon farko ba. Kuɗin da jami'a ke karɓa a biya shi ta hanyar da ta tanada a hukumance, kuma a karɓi rasit. Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce zai fito maka da takarda ta bayan fage, ka rabu da shi, domin abin da zai kawo ba ka da hanyar sanin sahihancinsa, kuma shi ne zai shiga littafin da zuri'a za ta gada.

Littattafan da jami'a ta buga

Wannan ita ce hanyar da aka fi rainawa, ni kuwa ita na fi yaba wa mai ƙaramin ƙarfi. Kowane bikin yaye ɗalibai ana buga ɗan littafi mai ɗauke da sunayen waɗanda suka gama, tsangaya bayan tsangaya, da matakin digirin kowa. Akwai kuma kalandar jami'a ta shekara, mujallun ƙungiyoyin ɗalibai, da littafin hotunan 'yan ajin ƙarshe a wasu sassa. Tunda an riga an buga su don jama'a, ba ka buƙatar nuna dangantaka kafin ka duba. Laburaren Kashim Ibrahim na ABU shi ne wurin da za a fara tambayar na Zariya.

Littafin yaye ɗalibai ba zai gaya maka sunan uba ko gari ba. Abin da zai ba ka shi ne shekara, da yadda aka rubuta sunan a hukumance, da kuma sunayen 'yan ajinsa, waɗanda wataƙila wasunsu suna raye a Rikkos ko Unguwar Rogo ba ka sani ba.

Sai kundin digiri. Duk wanda ya rubuta furojet ko kundin digiri na biyu ko na uku ya bar shafi biyu da ba a cika kulawa da su ba: na sadaukarwa da na godiya. A nan mutum ke rubuta sunan mahaifinsa da mahaifiyarsa, matarsa, 'ya'yan da aka haifa zuwa lokacin, kawun da ya biya masa kuɗin makaranta, wani lokaci har da malamin allonsa. Shi ya rubuta da kansa, yana da ƙuruciya, ba wanda ya tilasta shi, kuma da kwanan wata a jiki. Ga mai neman nasaba, wannan shafi ɗaya yakan fi tiranskirif amfani nesa ba kusa ba, musamman wajen sunayen mata, waɗanda takardun hukuma ba su cika ambata ba. ABU tana da rumbun intanet mai suna Kubanni inda aka ɗora kundaye da yawa, Jami'ar Jos ma tana da nata rumbun, kuma dubawa kyauta ne. Waɗanda ba a ɗora ba sai a tambaya a laburaren sashen da mutum ya yi karatu.

Rauninta ɗorewa. A watan Oktoba na 2016 gobara ta cinye ginin babban laburaren Jami'ar Jos da ke Naraguta, kuma duk wanda ke garin nan ya san irin asarar da aka yi. Takarda mai kwafi ɗaya ko biyu haka rayuwarta take. Idan ka sami shafin da kake nema, ɗauki hotonsa da waya nan take, har da bangon littafin, kada ka ce sai ka dawo.

Akayib na Kaduna da Arewa House

Idan wanda kake nema ya yi karatu kafin a buɗe ABU a watan Oktoba na 1962, to yawancin tarihinsa ba a jami'a yake ba. 'Yan bokon Arewa na farko ta wasu ƙofofi suka bi: Kwalejin Katsina da aka fara a 1921, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, aka kira ta Barewa a 1971, Makarantar Shari'a ta Kano ta 1934 da ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, makarantar horon malamai ta Toro, makarantun mishan na Gindiri, makarantar dabbobi ta Vom, da Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo. Daga cikinsu aka riƙa zaɓar 'yan kaɗan a tura waje, kamar yadda Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Aminu Kano ya bi baya a shekara mai zuwa, Abubakar Gumi kuma ya tafi Bakhtur Ruda a Sudan.

Kusan duk wannan da hannun gwamnati ko En'e aka yi shi, gwamnatin Turawa kuwa ba ta motsi sai da fayil. Reshen Kaduna na Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa, wanda masu bincike ke kira Akayib, shi ke riƙe da takardun sakatariyar Lardunan Arewa da na kowane lardi. An jera su da sunan ofishin da suka fito: SNP na sakatariya, Jos Prof na lardin Filato, haka Zar Prof, Kano Prof da sauransu. A cikinsu ake cin karo da jerin yaran da aka zaɓa zuwa Midil, wasiƙun neman sikolashif, rahoton shekara na makarantu, da takardun ɗaukar aiki. Irin wannan takarda takan faɗi abin da jami'a ba za ta faɗa ba, misali a rubuta cewa yaron ɗan alƙalin gari kaza ne, ko ƙanen hakimi, domin Razdan da Di'o suna son sanin gidan da yaro ya fito. Ana kuma samun gazet ɗin gwamnati da jerin sunayen ma'aikata, inda ake rubuta ranar kama aiki da ƙarin girma.

Arewa House, wadda ke ƙarƙashin ABU, tana harabar gidan Sardauna, an kafa ta a 1970 da Farfesa Abdullahi Smith a matsayin shugabanta na farko. Tana da nata tarin takardun gwamnatin Jihar Arewa, da kundaye, da tsofaffin jaridu. Jarida tana da muhimmanci a nan, domin a lokacin da masu digiri ba su da yawa, tafiyar ɗalibi Ingila ko dawowarsa labari ne. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, Nigerian Citizen a 1948, New Nigerian a 1966. Ga mutanen Filato kuma akwai Nigeria Standard da aka fara bugawa a nan Jos a 1972.

Kuɗin shiga ba shi ne nauyin ba. Nauyin shi ne tafiyar rabin yini ta Jengre da Saminaka da Pambeguwa, da masauki, da kwanaki. Ba a jera fayil da sunan mutum ba, da sunan batu aka jera shi, saboda haka sai ka zauna ka bi jerin kanun fayil, ka nemi wanda kake zato, ka karanta shafi bayan shafi da Turancin akawu da rubutun hannu. Wani fayil yana cikin jeri amma ba a same shi a kanta ba, wani ya tsufa har yana karyewa. Mai haƙuri ne ke cin riba a nan. Je da wasiƙar gabatarwa da katin shaida, ka girmama ma'aikatan wurin, domin wanda ya shekara yana ɗauko fayil ya san abin da jeri bai nuna ba. Ana iya ɗaukar ɗalibin tarihi a Kaduna ya yi maka aikin, amma zuwa da kai ya fi aike, don kai ne za ka gane laƙabin gidanku idan ya gifta a gefen shafi.

Rajistocin waje a intanet

Tsofaffin jami'o'in Ingila sun daɗe da tattara sunayen ɗalibansu. Joseph Foster ya tara na Oxford daga 1500 zuwa 1886 a Alumni Oxonienses. John Venn da ɗansa suka tara na Cambridge tun daga farko har zuwa 1900 a Alumni Cantabrigienses, wanda aka buga tsakanin 1922 da 1954, yanzu kuma ana bincika shi kyauta a intanet. A layi kaɗan sukan ba da sunan ɗalibi, sunan ubansa, garinsu, shekarunsa ranar shiga, da aikin da ya yi daga baya. Masu neman nasaba a Turai da Amurka da su suke haɗa uba da ɗa har zuriya da yawa. Duk lokacin da na duba su nakan yi fatan a ce tsofaffin makarantunmu sun sami mai yi musu irin wannan hidima tun dattawan na raye.

Sai dai shekarun da suka tsaya sun riga zuwan 'yan Arewa. Suna da amfani ga mai binciken wani Baturen mulki, ko ɗan mishan, ko injiniyan kuza da ya zauna a Filato, da kuma gidajen da asalinsu Legas ne ko Saliyo. Christopher Sapara Williams, lauyan Nijeriya na farko, a Inner Temple, zauren lauyoyi na Landan, ya zama lauya a 1879, kuma rajistar shiga wannan zaure tana intanet.

Ga Bahaushen da kakansa ya je Ingila a shekarun 1940 ko 1950, abin da ya fi amfani shi ne jerin fasinjojin jirgin ruwa. Akayib na Birtaniya yana riƙe da jerin waɗanda suka sauka a tashoshin ƙasar daga 1878 zuwa 1960, kuma Ancestry, shafin binciken nasaba na intanet, ta ɗora su. Jiragen Elder Dempster irin su Accra, Apapa da Aureol su ke jigila tsakanin Legas da Liverpool. Jerin yana nuna suna, shekaru, sana'a, da adireshin da mutum zai sauka, wanda sau da yawa shi ke tona wace makaranta ya nufa. Ancestry da kuɗin waje ake biyanta duk wata, don haka tara duk sunayen da za ka nema kafin ka biya na wata ɗaya. FamilySearch, wani shafin irinta, kyauta ce, a fara da ita.

Haɗarin nan shi ne mafi girma. Akwai Mohammed Bello da Ibrahim Kano fiye da ɗaya a kowane zamani, kuma zumuɗin ganin suna a allon waya yana sa a yarda da wuri. Kada ka karɓi suna sai abu biyu aƙalla sun dace da abin da ka riga ka sani daga gida. Bishiyar nasabar da wasu suka zana suka ɗora kuwa ba hujja ba ce.

Abokan karatu da akwatin gida

Wannan ita ce mafi arha, kuma ita kaɗai ce ba ta jira. Tsohuwar jakar mamaci takan ɓoye katin ɗalibi, takardar kiran bautar ƙasa ga wanda ya gama daga 1973, wasiƙar sikolashif, da hotuna masu rubutu a baya. A ɗaya daga cikinsu lambar rajistar da ofishin jami'a zai tambaye ka take. A tambayi Hajiya ko gwaggo kafin a buɗe, da ladabi, domin su suka adana kayan shekara da shekaru.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kuma suna da abin da ba a rubuta ba. 'Yan Barewa har gobe da lambarsu suke sanin juna, kuma lambar kaɗai tana nuna zamanin da mutum ya shiga. Abokin aji zai gaya maka sunan da ake kiran mahaifinka da shi, ɗakin da ya kwana, dalilin da ya sa ya bar likitanci ya koma aikin gona. Je masa da kanka bayan la'asar, ka ce Baba na zo ne a kan abokinka, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda. Ka riƙe cewa tsufa yana haɗa shekaru, ƙauna kuma tana ƙara wa mamaci abin da bai yi ba. Wani kwas na wata shida ya je, a gida ya zama digiri. Ba ƙarya ake yi ba, haka labari ke girma, shi ya sa ake kai shi gaban takarda.

| Hanya | Abin da take bayarwa | Kuɗi | Sauƙi | Ɗorewa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ofishin magatakarda | Shekara, digiri, uba ko mariƙi, gari | Matsakaici | Da wuya, sai da hujjar dangantaka | Ya danganta da ajiya | 'Yan bayan fage, zuwa jami'ar da ba ita ba |
| Littattafan jami'a da kundaye | Shekara, 'yan aji, sunayen iyali | Kaɗan | Da sauƙi | Rauni | Kaɗan |
| Akayib da Arewa House | Asalin gida, sikolashif, aiki | Mai yawa saboda tafiya | Sai da haƙuri | Takardu na tsufa | A dawo hannu rabbana |
| Intanet | Tafiya waje, tsofaffin rajistoci | Kyauta ko kuɗin waje | Da sauƙi ƙwarai | Mai kyau | Kama mai irin sunan |
| Dattawa da akwatin gida | Laƙabi, lamba, labari | Kusan babu | Da sauƙi | Ba ta jira | Mantuwa da ƙari |

Wace ta dace da kai

Idan littafin tunawa da mahaifi za ku fitar, kuma ya gama jami'a bayan 1962, ku fara da akwati da abokansa a wannan watan, ku nemi littafin yaye ɗalibai da kundinsa, sannan ku rubuta wa magatakarda da lamba a hannu. Sau da yawa kafin a kai ga ofishin an riga an sami abin da littafin ke buƙata.

Idan takardar da za a kai gaban hukuma ko kotu ake nema, ko za a sa wa gini sunansa ana son a rubuta digirinsa daidai, ofishin magatakarda ne kawai. Ga lauya akwai ƙarin hanya, domin Kotun Ƙoli a Abuja tana riƙe da rajistar duk lauyoyin ƙasar nan, likitoci ma majalisarsu tana da tata.

Idan nasaba ce damuwarka, wato ɗan wa ne, daga ina gidan ya taso kafin a zo Jos, kada ka kashe kuɗinka a kan tiranskirif. Shafin godiya na kundi, da fayilolin lardin da kakanku ya fito a Kaduna, da tsofaffin matan gidan su ne naka.

Idan kakan ya yi zamanin Kwalejin Katsina ko Midil, ko an tura shi Ingila kafin 'yancin kai, ka tanadi kuɗin mako guda a Kaduna, amma ka fara duba jerin fasinjoji daga gida don ka tafi da shekara a hannu.

Ɗalibin da ke binciken rukunin mutane, misali 'yan Filato da suka shiga ABU a shekaru goma na farko, littattafan yaye ɗalibai da gazet sun fi masa, domin suna ba da sunaye da yawa a tare kuma ba sa buƙatar izinin iyalin kowa.

Idan uwa ce ko kaka mace ake nema, a fara da gano sunan da take amfani da shi kafin aure, a tambayi ƙawayenta, domin takardar shiga da ta fita suna iya ɗauke da suna biyu dabam. Waɗanda suka yi makarantar Sarauniya Elizabeth ta Ilorin, wadda aka buɗe a 1956, ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta ce ƙofar farko.

Wanda kuma karatun kakansa na zaure ne, ko ya wuce Azhar ko Madina, ya duba cikin littattafan da ya bari. Ijazar da malami ya rubuta masa tana ɗauke da sunansa da na ubansa da silsilar malamai, a bangon littafi kuma malamai da yawa sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da lissafin Hijira. Idan rubutun ya gagare ku karantawa, ku kai wa malamin da ya saba da rubutun Magaribi, ko ku tuntuɓi sashen rubuce-rubucen Larabci na gidan tarihi na Jos, ku kuma ɗauki hoton kowane shafi kafin littafin ya bar gida.